Allura ko Leza? Abin da Bincike Ya Gano Kan Yadda Ciwon Suga Ke Cin Bayan Ido

Duk sanda aka kammala aikin ido kyauta a Zariya, akwai ƙorafin da ke biyo baya a majalisu da gidajen suna. An cire wa Baba yana rana ɗaya da maƙwabcinsa, maƙwabcin har ya koma karatun Alƙur'ani, shi kuwa Baba har yau hazo yake gani, sai a yanke hukunci cewa aikin ne aka ɓata. Wata Hajiya kuwa, likita ya ce sai an yi mata allura a cikin ƙwayar ido, 'ya'yanta suka ce sam, gwaji ake so a yi da ita. Wani kuma an yi masa leza, wato aikin ido da haske mai ƙarfi, ya ce tun daga ranar ba ya gane hanya da magariba, saboda haka leza ƙona ido take yi. In aka bi sawu, sau tari mutanen nan uku cuta ɗaya ke damunsu: ciwon suga ya taɓa musu bayan ido.

To mene ne gaskiyar allurar da lezar, kuma wacce ta fi? Sakamakon da aka samu a asibitocin Amurka da Ingila, yana aiki a kan mutumin da zai taso daga Soba ko Giwa ya zo Shika, ya biya kuɗin mota da na magani daga aljihunsa?

Gaban ido daban, bayan ido daban

Rabin ruɗanin daga nan yake. A gaba, bayan baƙin ido, akwai ɗan madubi na halitta mai tattara haske. Shi ne ke yin fari idan yana ta kama mutum, shi ake cirewa a sa na roba. A can baya kuwa, manne da bangon ƙwayar ido ta ciki, akwai tantani na jijiyoyi wanda kaurinsa bai kai rabin milimita ba. Likitoci na ce masa retina. A kansa haske ke sauka, shi ke aika wa ƙwaƙwalwa hoto, kuma in ya mutu ba a musanya shi da na roba. A tsakiyarsa akwai wani ɗan fili da bai wuce milimita biyar da rabi ba, makula, wadda da ita ake karatu, a gane fuska, a zura zare, a ƙirga canji. Sauran tantanin shi ke ba da ganin gefe da na dare. Tsakanin madubin da tantanin cike yake da ruwa mai kauri, garai-garai kamar ɗanyen farin ƙwai.

Idan suga ya hau sosai, madubin kan canja yadda yake tattara haske, gani ya dushe na kwanaki ko makonni, ya dawo in suga ya sauka. Shi ya sa ba a yanka wa mai suga tabarau a lokacin da sugansa ke hawa da sauka. A jira ya daidaita na 'yan makonni, in ba haka ba an zubar da kuɗin gilashi. Yana ma takan zo wa mai suga da wuri. Amma ɓarnar da ke da wuyar gyara tana baya.

Yadda ɓarnar ke tafiya

Siraran hanyoyin jini ne ke ciyar da tantanin gani. Shekaru na yawan suga suna kashe ƙwayoyin da ke riƙe bangon hanyoyin nan. Bangon ya yi laushi, ya tusgo kamar tayar keke da ta tsufa, ya fara yoyon ruwa da kitse da jini. Wasu hanyoyin kuma su toshe ɗungum. Daga nan cutar kan rabu biyu.

A ɗaya ɓangaren ruwan yoyo ne ke taruwa a makula, ta kumbura kamar katifar da ta sha ruwa. Rubutu ya dushe, layin da ke miƙe ya karkace, a ga rigar mutum amma fuskarsa hazo. Wannan kumburi shi ya fi rage wa masu suga gani, kuma yana iya zuwa a kowane mataki na cutar.

Ɗayan ya fi muni. Wuraren da jini ya daina kaiwa suna fitar da wani sinadari mai suna VEGF, wanda ke sa jiki ya tsiro da sababbin hanyoyin jini. Sababbin ba su da ƙwari. Suna tsirowa a saman tantanin, su shiga cikin ruwan kauri, su fashe. Mutum ya tashi da safe ya ga baƙin hayaƙi ko yanar gizo na yawo a gabansa, wani lokaci duhu gaba ɗaya. Jinin kan washe da kansa cikin makonni, sai a ce ai ya warke, ko a yaba wa abin da aka ɗiga na gargajiya, alhali tushen yana nan. Daga baya hanyoyin su bar tabo, tabon ya tsuke, ya ɓamɓaro tantanin daga bango. Wasu kuma su tsiro a kan baƙin ido su toshe magudanar ruwansa, a sami hawan jinin ido mai tsananin zafi da wuyar magani.

Cutar da ba ta sallama

Tantanin gani ba ya jin zafi. Mutum zai iya karanta layin ƙarshe na allon gwaji alhali sababbin hanyoyin jini sun riga sun tsiro. Wani nazari da ya haɗa bincike 35 daga sassan duniya a 2012 ya nuna kusan ɗaya cikin masu suga uku cutar ta taɓa bayan idonsa, ɗaya cikin goma kuma ta kai matakin da ke barazana ga gani. Daɗewa da ciwon shi ne babban ma'auni. Binciken jihar Wiskonsin a Amurka ya nuna bayan shekara 20 kusan duk masu ciwon suga nau'i na ɗaya (wanda ya fi kama yara da matasa), da sama da kashi 60 cikin 100 na masu nau'i na biyu (na akasarin manya), abin ya taɓa su.

A gida, binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya duba mutum 13,599 masu shekara 40 zuwa sama, ya sami kashi 4.2 cikin 100 makafi ne. Yana ce ta ɗauki kashi 43 na makantar, hawan jinin ido kusan kashi 17. Suga ba ya cikin na gaba-gaba a lokacin. Sai dai akwai adadin da ya fi waɗannan tayar da hankali: cikin waɗanda aka auna aka samu da suga, kusan rabi ba su san suna da shi ba. Wanda bai san yana da suga ba, wa zai tura shi duba bayan ido?

Saboda haka mai nau'i na biyu, wanda shi ne na akasarin manya, a duba shi da zarar an gano ciwon, domin wataƙila ya yi shekaru da shi. Mai nau'i na ɗaya, cikin shekara biyar da farawa. Matar da ke da suga tun kafin ta ɗauki ciki, a duba ta a watanni uku na farko, domin ciki kan hanzarta cutar. Bayan haka shekara-shekara, ko kusa da haka in an ga wani abu.

Haska tocila a ido ba dubawa ba ce, gwajin tabarau ma haka. Sai an ɗiga maganin buɗe ido, a zauna minti 20 zuwa 30 har ƙofar da ke tsakiyar baƙin ido ta buɗe, sannan likita ya leƙa da fitila da madubi na musamman ko a ɗauki hoto. Idon wanda ya daɗe da suga yakan yi taurin buɗewa, a sake ɗigawa. Gani zai dushe, rana ta dame ka na awa huɗu zuwa shida, don haka kada ka zo a kan babur ɗinka. Zo da ɗan rakiya da baƙin gilashi. In ana zargin kumburi sai a yi hoton OCT, wanda ba ya taɓa ido, yana nuna makula yanka-yanka da kaurinta. Kaurin ta lafiya yana wajen maikuron 250, wato rubu'in milimita, in ya haura 300 akwai magana. Akwai sashen ido a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, akwai kuma Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, tafiyar kilomita 80 ko kusa da haka.

"Gwaji za a yi da ni?"

Tsoron nan yana da tarihi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200 a Kano, wajen rabinsu aka ba Trovan, sauran wani magani daban, 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya ce sanƙarau ne ya kashe yaran, a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Duk wanda ya raina wannan tsoro bai san arewa ba.

Amma a raba abu biyu. Allurar ido da leza da ake yi a asibiti yau ba gwaji ba ne, an gama gwajinsu a kan dubban mutane tun da daɗewa. Bincike kuwa yana da kamanninsa: ana raba marasa lafiya gida biyu ko uku ta hanyar ƙuri'a, kowane gida a ba shi magani daban, a bi su shekara ɗaya ko biyu ko biyar, a ƙirga haruffan da kowane ido ke karantawa a allo. Haruffa biyar layi ɗaya ne, 15 layi uku. Ƙuri'ar ce ke hana likita zaɓar masu sauƙin ciwo ya ba su maganin da yake so ya yi suna. A Najeriya tun 2007 akwai kundin ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa. Sai kwamitin ɗa'a ya amince, gwajin magani kuma sai da izinin NAFDAC. Wanda aka gayyata yana da haƙƙin a yi masa bayani da harshen da yake ji, ya ƙi ko ya fita ko da yaushe ba tare da an daina duba shi ba. In ba a ba ka takardar amincewa ba, ba a gaya maka wa za ka kira in abu ya faru ba, kada ka shiga.

Maganin farko ba a ido yake ba

Binciken DCCT ya bi mutum 1,441 masu nau'i na ɗaya a Amurka da Kanada daga 1983 zuwa 1993. Waɗanda aka matsa wa sugansu har ma'aunin HbA1c, wato awon matsakaicin suga a jini, ya zauna wajen 7, haɗarin fara cutar bayan ido ya ragu musu da kashi 76 cikin 100 idan aka kwatanta da waɗanda ke wajen 9. Waɗanda ta riga ta kama, ci gabanta ya ragu da kashi 54. A Birtaniya, binciken UKPDS ya fitar da sakamako a 1998 kan masu nau'i na biyu, kuma abin da ya fi jan hankali shi ne hawan jini: gidan da ya zauna a 144/82 ya sami raguwar kashi 34 na ci gaban cutar a kan gidan da ke 154/87. Tazarar maki goma kacal. Mai suga da ke shan maganin hawan jini sai ranar da kansa ya yi ciwo, idonsa yake ci.

HbA1c yana nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku, ya fi awon safiya guda da mutum kan yi wa shiri da ƙin cin tuwon dare. Sai dai ga masu sikila, ko ƙarancin jini, ko wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan, adadin kan yaudara. A gaya wa likita.

Akwai tarko ɗaya. Wanda sugansa ya daɗe a sama kuma bayan idonsa ya riga ya taɓu, in aka sauke sugan da gaggawa cutar kan ɗan tsananta a watannin farko. An gani a DCCT, an sake gani a 2016 a gwajin maganin suga da ake sayarwa da sunan Ozempic, inda kashi 3 suka sami matsalar ido, a gidan da ba a ba maganin ba kashi 1.8. Ba dalilin barin suga a sama ba ne. Dalilin duba ido ne kafin a fara insulin ko wani magani mai ƙarfi.

Fenofaiburet, tsohon maganin kitsen jini mai araha, ya rage ci gaban cutar da kashi 27 a gwajin LENS na mutum 1,151 a Sukotland a 2024, amma sai an duba ƙoda kafin a rubuta shi. Asfirin kuwa ba ya gyara ido, ba ya ƙara zubar jini a ciki, don haka wanda aka rubuta wa saboda zuciya kada ya daina.

Shin leza na ƙona ido?

E, tana ƙonawa, da gangan kuwa. Ana ɗora ɗigo 1,200 zuwa 1,600 ko fiye a gefen tantanin, a bar makula. Kamar makiyayi ne da rani ya tsananta, ya sayar da wasu shanu domin ciyawar ta ishi saura. Gefen da ke jin yunwar jini shi ke fitar da VEGF. In aka kashe wani sashensa sinadarin ya ragu, sababbin hanyoyin su bushe. A binciken DRS na Amurka an yi wa kowane mutum leza a ido ɗaya aka bar ɗayan. Cikin shekara biyu kusan 16 cikin 100 na idanun da aka bari suka yi mummunar asarar gani, na leza kusan 6. Bambancin ya fito fili har a 1976 aka canja tsarin domin a yi wa idanun da aka bari. Daga baya binciken ETDRS, mai mutum 3,711, ya nuna a 1985 cewa ƙaramar leza a wuraren yoyo na rage asarar gani ta kumburin makula daga kashi 24 zuwa 12 a shekara uku.

Mai ƙorafin magariba bai yi ƙarya ba. Ganin gefe da na dare kan ragu, kumburin makula kan ɗan ƙaru na wani lokaci, wasu ɗigon suna da zafi. Kuma leza ba ta dawo da abin da ya tafi, tsare saura take yi. Inda aka fi samun matsala shi ne rabin aiki: ana raba ta zama biyu ko uku, mutum ya yi na farko, ya ji zafi ko kuɗi ya yanke, bai koma ba. Jini ya zuba bayan wata biyu, a ce lezar ce.

Allurar cikin ido

Masanin kimiyya Napoleone Ferrara ya ware VEGF a 1989. A 1994 aka nuna yana da yawa a ruwan idon masu suga da cutar ta yi nisa. Maganin farko da ke toshe shi, Avastin, na kansar hanji ne da aka amince da shi a 2004. A 2005 likitoci a Mayami ta Amurka suka fara sa ɗan kaɗan a cikin ido. Lucentis ya biyo a 2006, Eylea a 2011, Vabysmo a 2022. Tun 2013 Avastin na cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya domin amfanin ido.

Aikin kansa bai kai minti goma ba. A ɗiga maganin kashe zafi, a wanke ido da aidin mai ƙarfin kashi 5, a sa ɗan ƙarfe ya riƙe fatar ido, a auna milimita 3.5 zuwa 4 daga gefen baƙin ido, a shigar da siririyar allura ta farin, a tura mililita 0.05, wato ɗigo guda. Akasari dannawa ake ji, ba suka ba. Jan tabo a farin ido da 'yan baƙaƙen kumfa na yawo na kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ne. Amma zafi mai ƙaruwa, ja da raguwar gani cikin kwanakin farko alamar ƙwayar cuta ce a cikin ido. Tana faruwa wajen sau ɗaya cikin allura dubu biyu zuwa uku, kuma ranar ake komawa asibiti, ba washegari ba.

Wanne ya fi? Gwajin Furotokol T na 2015 ya raba mutum 660 masu kumburin makula gida uku. A lokacin allura ɗaya a Amurka ta Eylea dala 1,950 ce, ta Lucentis 1,200, ta Avastin 50. Ga waɗanda ganinsu bai lalace sosai ba, 6/12 ko mafi kyau (6/12 na nufin ganin daga mita 6 abin da mai lafiyar ido ke gani daga mita 12), babu bambanci. Ga waɗanda ke 6/15 zuwa ƙasa, bayan shekara guda Eylea ta ƙara haruffa 19, Lucentis 14, Avastin 12. A shekara ta biyu tazarar ta ragu. Furotokol AC na 2022 ya nuna in aka fara da Avastin aka koma Eylea sai in bai yi ba, gani bayan shekara biyu daidai yake da na wanda ya fara da mai tsadar. Furotokol V na 2019, mai mutum 702, ya nuna wanda makularsa ta kumbura amma yana gani da kyau ana iya sa masa ido kawai, a fara allura in ganin ya fara sauka. Wato ba duk kumburin da OCT ya nuna ne ke bukatar a sayar da akuya ba.

Arahar Avastin daga rabo take. Kwalba ɗaya mililita 4 ce, miligiram 100, ido kuwa miligiram 1.25 yake bukata, don haka mutane da yawa ke raba kwalba guda. A nan haɗarin yake. Sai an raba ta cikin tsabta ta gaske, a ajiye a sanyin maki 2 zuwa 8, abin da ba wasa ba ne inda wuta ke ɗaukewa. A Satumbar 2023 gomman masu suga a lardin Punjab na Pakistan suka sami mummunar cutar ido daga Avastin da aka raba ba bisa ƙa'ida ba. Kada a sayo daga kasuwa ko a karɓi sirinjin da aka zuƙo a wani wuri da ba a sani ba, kuma ba rashin kunya ba ne a tambayi yaushe aka buɗe kwalbar.

Inda gizo ke saƙa

Duk haruffan nan da aka ƙara a Furotokol T, da allura tara zuwa goma aka same su a shekarar farko, ana duba mutum kowane wata. Maganin kan ƙare a ido cikin makonni. Allura ɗaya ko biyu a tsaya ba ita ce aka gwada ba.

Ga cutar sababbin hanyoyin jini, Furotokol S ya nuna a 2015 cewa Lucentis bai gaza leza ba a shekara biyu, har ya fi ta barin ganin gefe. Daga nan masana suka rabu. Masu goyon allura suka ce me zai sa a ƙona tantani tunda ga abin da ba ya ƙonawa. Masu goyon leza suka ce a duba shekara biyar: matsakaicin allura 19, kuma ko a cikin gwajin, inda ake bin mutane da waya, kusan ɗaya cikin uku bai kai ƙarshe ba. Wani nazari daga Filadelfiya ta Amurka a 2019 ya duba waɗanda suka ɓace sama da wata shida suka dawo. Masu allura kaɗai sun dawo da gani mafi muni da ɓamɓarewar tantani fiye da masu leza. Dalilin a bayyane yake: tabon leza yana nan ko ka zo ko ba ka zo ba, allura kuwa in ta ƙare VEGF ya dawo.

Babu ɗaya daga cikin manyan gwaje-gwajen nan da aka yi a Najeriya. Manomin da damina za ta riƙe shi wata huɗu, ko ɗan fansho da kuɗinsa ke jinkiri, ya fi kama da mutanen Filadelfiya da suka ɓace, ba da waɗanda suka cika alƙawari ba. A irin wannan hali cikakkiyar leza ita ce ginshiƙi ga sababbin hanyoyin jini, allura kuma ta zama ta kumburin makula ko ta taimako kafin leza. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: in likita ya ce wata-wata, kada ka ce "to" don kunya. Ka ce, "Likita, sau uku zan iya a bana," domin amsar tana canja maganin da ya dace da kai.

In jini ya ƙi washewa, da batun yana

Jinin da ya ƙi tafiya ko tabon da ke jan makula sai tiyata, irin wadda likita Robert Machemer ya fara a 1970: a zuƙe ruwan kauri, a yanke tabo, a yi leza daga ciki, a cika ido da iska ko man silikon. Mai iska a ido ba ya hawa jirgin sama sai ta ƙare, domin tana kumbura a sama ta iya makantar da shi. Mai shirin Umara ko Hajji ya faɗa tun kafin a sa rana. Man kuma galibi sai an sake aiki a cire shi. Idon da tabo ya riga ya yi yawa, yin allura ba tare da tiyata ba na iya sa tabon ya ƙara tsukewa.

Baban da aka cire wa yana bai gani ba, mai yiwuwa aikin lafiya lau ne. An buɗe taga ne a ɗakin da bangonsa ya riga ya jiƙe. Aikin yana ma kan ƙara kumburin makula ga mai suga, shi ya sa ake so a duba baya kafin aiki, in yanar ta yi kauri a yi hoton sikanin, sannan a buɗe idon a duba cikin makonnin farko bayan aiki. Masu sikila su ma suna da tasu cutar tantanin gani, wadda ta fi tsananta ga masu SC fiye da SS, duk da su ne ake ganin sun fi lafiya.

Kamara da kwamfuta

Ingila ta fara ɗaukar hoton bayan idon masu suga a tsare a 2003. Wani nazari na 2014 ya nuna a karon farko cikin shekara kusan 50 suga ya sauka daga matsayin babban sanadin makantar masu shekarun aiki a Ingila da Wels. Ba sabon magani ba ne ya yi wannan, kamara ce da rajista da wasiƙar tunatarwa.

Inda likitocin ido ba su da yawa, ana sa rai ga kwamfuta mai karanta hoto. A Afrilun 2018 Amurka ta amince da manhajar IDx-DR, wadda a gwajinta ta kama kashi 87 cikin 100 na masu bukatar ganin likita. Da aka kai manhajar Google asibitocin Tailan, sai ta ƙi karɓar kusan hoto ɗaya cikin biyar saboda ƙarancin inganci, ga kuma jinkirin intanet. Yana, wadda ta yi yawa a nan, ita ma tana dushe hoto. A Ruwanda an gwada wani abu daban, aka buga a 2022: wasu an ba su sakamakon kwamfuta nan take da hoton idonsu a hannu, wasu aka ce su jira kwanaki a kira su. Cikin na farko kashi 51.5 suka je wurin likitan ido da aka tura su, cikin na biyu kashi 39.6. Ko a gidan da ya ga hoton idonsa da kansa, kusan rabi ba su je ba.